Rigar da Ban Wanke Ba

A layinmu ba mai kirana da sunana. Sai-Gobe suke ce mini, don duk wanda ya zo karɓar wankinsa ya san amsar da zai samu. Shekara talatin ina wanki da guga, ban taɓa jin kunyar wannan suna ba. Mai gaggawa ya je ya wanke da kansa.

Auta bakanike ne, garejinsu na kallon shagona. Ranar Talata ya kawo riguna uku, ya ce, "Baba, don Allah wannan goben ta zama ta gaske." Na wanke biyu. Ta ukun, shuɗiyar rigar aikinsa da ta sha baƙin mai, na cusa ta ƙarƙashin tebur sai na samu ƙarfi. Ranar Laraba faɗa ya kaure a tasha, ya shiga rabo, wani ya soka masa wuƙa. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Na san wannan ciwon. Shekara tara ke nan da aka kashe ɗana a wajen kallon ƙwallo. Da na ga matata ko tashi ba ta iyawa, na kwashe kayansa kaf na wanke, na goge, na jera a akwati, wai ni mai taimako. Ta riƙa ɗauko su ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa. Ba komai sai ƙamshin sabulu. Wata guda ba ta yi mini magana ba, kuma gaskiyarta ce. Tun daga nan, duk gidan da aka yi wa irin wannan rashin, ni da ita mukan je bayan 'yan gaisuwa sun watse. Ita ta zauna da uwar, ni kuma in roƙe su kada a yi saurin wanke kayan mamacin.

A gidan su Auta mun makara. Kayansa na kan igiya, wata 'yar uwa mai kirki ta riga ta yi irin wautata. A ƙofar gida kuwa babura biyu ne a tsaye, da samari huɗu da ba su amsa sallama ba. Wan Auta, kafinta ne, yana tsakiyarsu, hannunsa na dafe da wani abu a ƙugu. Wanda ya yi kisan yana hannun hukuma, amma na ji ana cewa yana da ƙane, kuma samarin nan sun san inda ƙanen yake aiki.

Na kama hannun kafintan. "Zo ka raka ni wajen Inna. Minti biyu."

"Baba, sauri nake."

"Ni kuma ka taɓa ganin na yi sauri?"

Ya biyo ni, ba don ya so ba.

Mahaifiyarsu na zaune a bakin gado, matata na gefenta. Na miƙa rigunan nan biyu a ninke, ta karɓa ta ajiye, ko kallonsu ba ta yi ba. Sannan na kwance leda na fito da shuɗiyar.

"Wannan ban kai ga wanke ta ba," na ce.

Ta kai ta hanci. Baƙin mai, da gumi, da ɗan turaren da yake fesawa don 'yan mata. Sai ta tusa fuskarta a ciki. "Ga shi nan," ta ce. "Wallahi ga Autana nan." Kukan da ya ƙi zuwa kwana huɗu ya ƙwace mata, ni ma ban tsaya ɓoye nawa ba.

Kafintan ya juya zai fita. Na tare ƙofa, duk da tsufana da ciwon gwiwa.

"Ba zan iya hana ka ba," na ce. "Amma tuɓe rigar nan ka bar mata. Ko kashe ka aka yi, ko ɗaure ka, za ta buƙaci abin shinshinawa. Taka ma ba zan wanke ba."

Ya dubi rigarsa, garin katako duk a wuyanta. Ya dubi uwarsa. Ita kuwa hannu ɗaya kawai ta miƙo ta damƙe gefen rigar tasa, ɗayan na riƙe da ta Auta. Ya daɗe a tsaye yana huci. Can sai ya durƙusa, ya zaro wuƙa daga ƙugu ya tura ta ƙarƙashin gado. Na fita na ce wa samarin su tafi, mai gayyar ya fasa. Sun yi ta ƙunƙuni, amma sun tafi.

Bayan mako biyu kafintan ya shigo shagona da ƙullin kaya, rigarsa ta ranar nan tana sama.

"Inna ta ce a wanke wannan tas," in ji shi. "Wai mai ita yana gida, kuma warinsa ya ishe ta."

Na karɓa na ɗora a kan tebur.

"Yaushe zan dawo, Baba?"

"Sai gobe," na ce.

"Zan zo," ya ce. "Ina nan."