Inna Ta Juya Baya

Murjanatu ɗiyar fari ce, shi ya sa Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "wagga yarinya". Ko da ta samu aikin kawo labarai a gidan talabijin na sabuwar jihar Kebbi, ko barka Inna ba ta yi mata ba.

Ranar da aka turo Murjanatu garinsu Yelwa ɗaukar rahoto kan tsadar kifi, ta ja mai kyamara har rumfar da Inna ke sayar da banda. Inna na hango su ta ja mayafi, ta juya baya. Murjanatu ta san kunya ce, amma abin ya sosa mata rai.

Za ta shiga mota ke nan, Malam Ɗanbaba mai gyaran rediyo ya tare ta.

"Ɗiyata, kada ki yi fushi. Kullum lokacin labarai Innarki na bakin shagona, wai hutawa take. Da kin fito a talabijin sai ta ba akwatin baya. Amma ko tari mutum ya yi, sai ya sha harara."

Murjanatu ta koma rumfar ita kaɗai, ta durƙusa.

"Inna, na gode."

Inna ba ta waiwayo ba. Ta naɗe ƙaton kifi a takarda, ta miƙo ta baya.

"A gaya wa wagga yarinya ta riƙa cin abinci. A murya na ji ta rame."