Ambar Ta Ƙi Hawa Kafaɗa

Hutun hunturu a Buenos Aires ba hutu ba ne ga uwa. Da an rufe makarantu a tsakiyar Yuli, sai garin nan kaf ya kwaso 'ya'yansa ya fito titi, kamar an ce za a ci tarar wanda ya zauna a gida. Ƙofar sinima layi, gidan wasan kwaikwayo layi, har mai soya gyaɗa da sukari a bakin tasha sai an bi masa layi. So samu ne, da a ɗaki muka ƙare hutun nan kusa da hita. Amma 'yata Ambar ta cika shekara huɗu, kuma ta jiyo a bakin 'yan ajinsu cewa ana wasan 'yan tsana a tsohuwar masaƙar nan da aka mayar gidan wasanni, can kudancin gari. Da maganar take kwana, da ita take tashi.

Mijina Nahuel yana aiki ranar Asabar, don haka mahaifina ne ya raka mu. Sunansa Osvaldo, direban bas ne da ya yi ritaya, ni kuwa Tsoho nake ce masa tun ina budurwa. Ya iso da filas ɗin ruwan zafi a hammata da ƙoƙon shayin mate a hannu, ya tarar ina shirya yarinyar. Singileti, riga, suwaita mai ruwan toka, sannan kwat mai ruwan ɗorawa. Da gangan na sayi wannan launin, don a hango ta daga nesa, kuma a cikin wuyan kwat ɗin na ɗinke lambar wayata.

"Siririya, yaƙi za mu ko kallon 'yar tsana?" in ji Tsoho. "Kin naɗe mini Ƙuma kamar albasa."

Haka yake kiranmu, ni Siririya, Ambar kuma Ƙuma. Na durƙusa gaban Ambar na yi mata tambayoyin da nake mata kullum kafin mu fita.

"Idan kin ɓace fa?"

"In tsaya inda nake."

"Idan wani ya ce zai ɗauke ki?"

"In yi ihu. In cije shi."

Cizon ita ta ƙara da kanta tun kwanaki, ni kuma ban hana ba.

A waje iskar kogi tana yankan kunne, amma cikin masaƙar zafi ne kamar gidan burodi. Zaure ne guda, ƙato, mai rufin kwano da ginshiƙan ƙarfe, an kunna hita ko'ina ga kuma numfashin jama'a. Kowane lungu da abin da ake yi: nan 'yan tsana, can wani yana cilla ƙwallaye sama yana cafewa, wani ya hau dogayen sanduna yana tafiya a kan mutane, a ƙarshen zauren kuma tsofaffi suna rawar tango a kan katako. Ƙamshin koko mai zafi ya haɗu da warin jiƙaƙƙen ulu. Kafin mu sami wurin zama gumi ya jiƙe wa Ambar goshi, dole na cire mata kwat ɗin na rataya a hannuna.

Wasan bai yi laifi ba. Wani kada ne mai ciwon haƙori, yara suna ta ihu suna nuna masa inda likita ya ɓuya. Ambar ba ta yi ihu ba, ta dai zura ido, bakinta a buɗe. Da aka tashi, masu fita suka yi karo da masu shigowa wasa na gaba a tsakanin labule biyu. Kwat ɗin ya zame daga hannuna ya faɗi ƙarƙashin ƙafafun mutane. Na sunkuya in ɗauko, a zatona Tsoho yana riƙe da ɗaya hannun nata. Shi kuwa yana rufe bakin filas, a zatonsa ina riƙe da ita. Da na ɗago, kwat ne kawai a hannuna.

Ban yi kuka ba, ban kuma yi ihu ba. Abin da na fara lura da shi shi ne rabin yaran da ke wurin suwaita mai ruwan toka ce a jikinsu. Na biyu, lambar wayata tana cikin kwat ɗin da ke hannuna. Na ce wa Tsoho ya je babbar ƙofa ya gaya wa mai gadi kada ya bar kowa ya fita da yarinya mai kitso biyu sai ya tambaya. Ya tafi da sauri.

Akwai abu ɗaya da ya ɗan riƙe mini zuciya. A ƙasar nan idan aka tsinci yaro a taro, wanda ya fi kowa tsawo ne zai ɗora shi a kafaɗa, sauran mutane su bi shi suna tafi har uwar ta jiyo ta zo. A bakin teku muka saba da shi lokacin zafi, amma a dandali ma ana yi, a kasuwa ma. Don haka na san abin da zan nema: tafi, da yarinya a sama.

Sai dai a gidan wasa ne, cikin hutu. Tafi ya tashi ta dama, na kutsa da gudu, ashe mai ƙwallaye ne ya cafe guda biyar. Wani ya tashi ta ƙarshen zaure, na je, tsofaffin ne suka gama rawa. Rufin kwanon yana ɗaukar kowane tafi ya watso shi ta ko'ina. Yara a kafaɗa kuwa ba iyaka, don kowane uba ya ɗora nasa ya ga wasa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina leƙa fuska. Wata mai kitso biyu na riƙo wa ƙafa, ubanta ya juyo ya dube ni, na saki na wuce.

Kusa da wani ginshiƙi akwai mutane da suka yi da'ira suna tafi. Na dubi saman kawunansu, babu yaro, na wuce. Na ɗauka mai dabo ne irin masu zama a ƙasa su baza tabarma. Na zaga ta bayan labulen 'yan tsana, na leƙa banɗaki ina kiran sunanta, na dawo na sake wuce da'irar nan. An yi sanarwa a lasifika, na ji kamar an ce Ambar, amma gangar da ake kaɗa wa mai dogayen sanduna ta danne sauran.

A nan ne na fara tunanin ƙananan ƙofofin masaƙar. Gini ne na da, ban san yawansu ba, kuma mai gadi ɗaya ne. Na tuna kogi ba shi da nisa, da titin manyan motoci a bayan ginin. Na ga hannuna yana murɗe kwat ɗin kamar mai matse wanki.

Tsoho ya same ni a tsakiyar zaure. Ya riƙe mini gwiwar hannu.

"Tsaya, Siririya. Kina ta kallo, ba kya saurare."

"Tsoho, ba lokacin wa'azi ba ne."

"Ji wancan." Ya nuna ginshiƙin da haɓa. "Tafin yabo yakan tashi ya faɗi, a haɗa da fito. Wannan tun da na je ƙofa na dawo bai sauya ba. Ɗaya, ɗaya, ɗaya. Na taɓa bin irinsa a bakin teku, ke ce a sama kina shan majina."

"Babu yaro a sama. Sau biyu ina dubawa."

"To ki duba ƙasa."

Na ratsa da'irar da kafaɗa. Ambar tana zaune a kan siminti, ta rungume gindin ginshiƙin da hannu biyu da ƙafa biyu. Idonta a bushe, fuskarta ja, ƙaramin ƙirjinta yana hawa yana sauka. Da ta gan ni ba ta saki ƙarfen ba sai da na durƙusa na ɓanɓare yatsunta da kaina.

"Na tsaya inda nake," ta ce. Muryarta ta dishe.

Sai tafin ya sauya, ya yi sauri, wani ya yi fito, wata ta ce Allah ya raya. Cikin ɗan lokaci da'irar ta watse, kowa ya ja 'ya'yansa ya koma neman layi. Mutum biyu ne suka rage: wata dattijuwa mai hular ulu da lema a hannu, da wani ƙaton mutum mai gemu wanda ya naɗe babban yatsansa da hankici.

"'Yata, mun yi mun yi," in ji dattijuwar. "Muka ce a ɗaga ta, ta ce mamanta ta hana. Muka ce to mu zaga da ita a ƙasa, ta ce mamanta ta ce ta tsaya. Sunanta kaɗai ta yarda ta faɗa. To ya za mu yi? Muka tsaya tare da ita. Tafin hannuna har ya mutu."

Na yi mata godiya. Na juya wurin ƙaton na ce ya yi haƙuri, ya nuna mini yatsan. Shatin haƙoran Ambar ne sama da ƙasa, jinin kaɗan.

"Madam, a riƙa ba ta nama a gida," ya ce. "Ni fa 'ya'yana uku, ba wanda ya taɓa kai ni nan."

Tsoho ya dubi rigar ƙwallon da ke leƙowa ta ƙarƙashin jaket ɗin mutumin, ta kulob ɗin da ya tsana tun yana yaro.

"Maigida, ai ba laifinta ba ne. Rigar ta gani. Mu a gidanmu tun a zanin goyo ake koya musu."

"Shi ya sa ba ku da aiki sai cizo, tunda cin ƙwallo ya gagare ku."

Tsoho ya zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate ya miƙa masa. Mutumin ya karɓa da hannun hagu ya zuƙe, ya mayar, ya durƙusa daga ɗan nesa ya ce wa Ambar sai wata rana, zakanya.

Na mayar mata da kwat ɗin na ja zif har wuya. Muka fito. Rana ta riga ta yi ƙasa, fitilun titi sun kama, mutane sun cika tashar bas suna hura hannuwa. Ambar tana cin gyaɗar da Tsoho ya saya mata. Can ta ɗago.

"Mama, na yi daidai?"

Duk abin da na gaya mata ta yi, ba ta rage ko ɗaya ba, kuma shi ya sa na wuce ta sau biyu. In kuma na ce mata ta riƙa yarda a ɗauke ta, ban san a hannun wa za ta faɗa wata rana ba.

"Kin yi daidai," na ce. "Amma ga ƙari. Idan mutane da yawa suna tafi, maza da mata, to ki bari a ɗora ki a kafaɗa. Don in hango ki ne."

"Idan mutum ɗaya ne yake tafin fa?"

"Shi ki cije shi."

Ta ci gaba da tauna gyaɗarta. Tsoho ya miƙo mini filas da ƙoƙo, ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Zo mu gwada, Ƙuma. Hau."

"Ba a tafa ba."

Na ajiye kayan a kan benci na fara tafi a hankali, ɗaya, ɗaya. Ambar ta dube ni ta ɗaga yatsa guda, wato mutum ɗaya ne. Kafin in yi magana wata mata da ke bayanmu ta maƙale jakarta a hammata ta kama tafin, wani saurayi ya cire abin sauraren kiɗa daga kunne ya bi, sai ga rabin tashar. Ambar ta hau wuyan kakanta ta riƙe masa kunnuwa. Matar tana tafi tana waige-waige.

"Oh, 'yar wa ce kuma a cikin sanyin nan? Ina uwar ta shiga?"

"Ga ni nan," na ce. "Ni ce."