Shekarar da Ƙwari Suka Sayi Fitilu

Sau ɗaya Kaka ya taɓa gyara sunan mutum, shekara arba'in da wani abu ke nan. Wani mai sayar da shinkafa ya kawo sunansa a takarda, Kaka ya ga kamar zane ɗaya ya yi yawa a harafin farko, ya cire. Rubutunmu ba irin na Turawa ba ne, harafi ɗaya kalma ce guda mai zane-zane da yawa. Ashe haka danginsu ke rubuta shi tun kaka da kakanni. Mutumin ya karɓi fitilarsa, ya sunkuya ya yi godiya. Daga ranar ba shi ba shagonmu, har 'ya'ya da jikoki. Shi ne Kaka ya kafa wa kansa doka: abin da aka kawo a takarda shi zai hau fitila, ko da kaza ce ta taka tawada ta bi ta kai.

Fitilun takarda muke yi. Duk watan Agusta ana bikin unguwa, a jera fitilu daga bakin gada har ƙarshen layin kasuwa, kowacce da sunan gidan da ya ba da ita. Kaka ke rubuta sunayen da buroshi. Shekararsa saba'in da tara.

Ni Sohei ne. Na gama sakandare, na faɗi jarrabawar jami'a, ban sake gwadawa ba. Aikina shi ne bin gida-gida da littafi ina karɓar sunaye, kuma na tsane shi. Duk gidan da ka shiga sai an zuba maka shayin sha'ir, a tambaye ka me kake yi yanzu. Don haka na zauna a ɗakina na sama wata uku na haɗa manhajar waya. Mutum ya rubuta sunansa, ya danna, saƙo ya tafi saba, wato kwamfutar ofishin ƙungiyar 'yan kasuwa, ita kuma ta buga jerin sunayen a takarda. Akawun ofishin, Tsuruoka-san, ta saka a ambulan ta kawo wa Kaka. Ba gaisuwa, ba shayi.

Onodera-san, mai shagon kekuna, shi ne shugaban ƙungiyar. Manhajar ta burge shi, Kaka ne bai burge shi ba. Shekara biyu yana yawo da hotunan fitilun wani kamfani na birni da ke buga suna da inji. A taro ya ce hannun tsoho ya fara rawa, kada a wayi gari a ji kunya. Aka tsaya a kan a ga aikin bana. Idan an sami kuskure ko ɗaya, baɗi inji ne. Ranar Alhamis kwamiti zai zo dubawa, Asabar biki.

Ranar Litinin da rana muna cin taliya mai sanyi, Kaka ya yi ta gunguni. Ya ce mutanen da aka zuba a sababbin benayen bakin kogi sunayensu sun fi ƙarfinsa. Harafi ɗaya sai ya yi rabin awa a ƙamus da gilashin ƙara girma. Iyayen zamani, in ji shi, suna raɗa suna kamar masu gaba da malamin makaranta. Sai ya rage murya ya ce tsofaffin maƙwabta kuwa bana sun guje shi. Ba sunan Onodera a takardun, ba na mai awara, ba na mai kifi. Jiya da mai kifin ya gaishe shi, da ka kawai ya amsa.

Na ajiye tsinken cin abinci. Da idona na ga mai kifi yana danna manhajar.

Mako biyu rabona da shiga ɗakin aiki, warin gam na sa mini ciwon kai. Na shiga. Fitilu suna rataye a gora suna bushewa. Ta farko, harafin gyare. Ta biyu, tsutsar da ke cin kara. Ta uku, fara. Can ga kwaɗo, baƙi wuluk, an zana shi da natsuwar wanda ke rubuta wasiyya. Haruffa ne na gaske, suna cikin ƙamus, sai dai ba wanda ya taɓa su tun zamanin takubba. Tsakaninsu ga wasu ƙananan haruffa marasa ma'ana, su ma Kaka bai bar ko ɗigo ba.

Muna da suna ga wannan abu, mojibake, rubutun da ya rikiɗa. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Akwai jadawalin da ke cewa lamba kaza harafi kaza ce, kuma jadawalin ba ɗaya ba ne. Waya da sabon take rubutu, UTF-8. Sabar ƙungiya an kafa ta kafin a haife ni, tsohon ta sani, Shift-JIS. Kamata ya yi in juya rubutun kafin ya tafi, in kuma faɗa a kan saƙon da wane jadawali aka rubuta shi. Ban yi ko ɗaya ba. Ranar da na gwada manhajar "aaa" na rubuta da 123, su kuwa haruffan Turawa lambarsu ɗaya ce a ko'ina. Sunayenmu da yawa, in ka karanta lambarsu da tsohon jadawali, a layin ƙwari suke faɗawa, kuma a rubutunmu har kwaɗo a layin nan yake.

Kwaɗon nan Onodera-san ne.

Na koma na faɗa wa Kaka, a jumla uku. Ya ci gaba da tsotsar taliyarsa har ya ƙare.

"Wato mai kifi bai guje ni ba."

"Shi ne tsutsar."

Ya goge baki. Na jira faɗa, bai zo ba. Tambayata ya yi ko Tsuruoka-san ba ta da ido. Daga baya na tambaye ta. Ta ce ta gani sarai, amma ta ce a ranta in da kuskure ai malam zai faɗa, ita wace ce da za ta koya masa karatu. Shi kuma Kaka ya ce in da kuskure ai ofis zai faɗa. Mako biyu tana miƙa masa ambulan da hannu biyu, yana karɓa da hannu biyu.

Gyaran manhajar layi biyu ne. Minti goma. Na zauna ina kallon layukan, wata uku na aiki, ga abin da ya rage.

Sauran aikin ya fi wuya. Na ware duk fitilar da ke da alamar ƙwaro ko wani shirme, talatin da takwas, na ɓare takardunsu. Na bi sunayen da baya, daga tsohon jadawali zuwa sabo, ashirin da biyar suka dawo. Sha uku suka ƙi, don sabar ta watsar da duk lambar da ba ta gane ba. Lambar waya da ta gida suna nan lafiya, tunda lambobi ne. Na ce zan kira su. Kaka ya ce ba a karɓar suna ta waya, suna ɗaya a baki yana iya zama biyar a takarda. Kuma ba sha uku zan je ba, duka zan je, har waɗanda suka dawo, domin an mayar da su ƙwari ko sun sani ko ba su sani ba. Ya ciro tsohon littafina daga ƙarƙashin kanta ya kaɗe masa ƙura.

"Ungo manhajarka, sarkin ɗaki. Wannan ba ta cin caji."

Na ɗauki kwalin ƙananan tawul na ban-haƙuri na fita. Ya bar ni da tafiya, na bar shi da gam da takarda.

Kwana biyu ina yawo cikin zafi. A kowace ƙofa in sunkuya, in ce laifina ne ba na Kaka ba, in miƙa tawul, in miƙa littafi. Ba wanda ya ji haushi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Kowa so yake ya ji wane ƙwaro ya zama. Mai awara ta yi dariya har ta zauna a kan bokiti. Mai kifi ya ce ai dama tsutsa ce ke kawo masa abinci. Wata tsohuwa da sunanta bai faɗa cikin ƙwari ba, harafin wake ya zama, ta ce an yi mata rowa. Shayin sha'ir kofi nawa na sha, ban ƙirga ba. Kowa ya tambaye ni me nake yi yanzu. Na ce wannan.

Gidan ƙarshe a sababbin benaye yake, hawa na uku. Sunansa na cikin waɗanda suka ƙi dawowa, duk yadda na juya shi shirme yake ba ni. A fitila ya fito da harafin matsattsaku, sai na gona. Gonar matsattsaku. Zuwa lokacin bakina ya saba, har na fara ƙari. Wani dattijo siriri ya buɗe ƙofa da silifas, na sunkuya tun kafin in ga fuskarsa. Na ce a gafarce ni, inji ya ɓata masa suna, ya mayar da shi abin da ba ɗan Adam ɗin da zai amsa, gonar matsattsaku, abin ƙyama, amma na yage takardar da hannuna.

Ina kallon silifas ɗinsa.

"Ɗago, samari."

Na ɗago. Ya nuna ɗan allon suna da ke jikin ƙofar, daidai saitin kaina. Matsattsaku. Gona.

"Hiruta nake," in ji shi. "Ma'anar sunan ke nan. Haka ubana yake, haka kakana."

Bai taɓa manhajar ba, wayarsa ma tsohuwar yayi ce mai murfi. Da ƙafarsa ya je ofis, Tsuruoka-san ta shigar da sunan kai tsaye a tsohuwar kwamfuta. Cikin takardun nan kaf, nasa ne ya fito daidai, shi na yage. Ya ce watansa huɗu a garin bayan ya yi ritaya, bai san kowa ba, ya ba da fitilar ne don a san da shi. Ya karɓi tawul ɗin. Bai ba ni shayi ba.

Da na faɗa wa Kaka, buroshi ya ajiye. Kwaɗo da fara ba su ɗaga masa hankali ba, wannan ya ɗaga. Ya sa rigarsa ta fita, ya tasa ni gaba, muka hau benen nan, shi yana hutawa a kowane hawa. Ya sunkuya fiye da yadda bayansa ke yarda. Ya ba Hiruta-san labarin mai shinkafa, ya ce shi a zane ɗaya ya tsaya, jikansa ya haɗa da takardar gaba ɗaya, abin gado ne yake ƙaruwa. Hiruta-san ya ɗan murmusa. Ya ce tun yana firamare ake masa dariya, amma yau ne aka fara zuwa har gida da tawul. Wannan karon an kawo shayi.

Alhamis da hantsi kwamiti ya zo, mutum huɗu. Fitilu sun bushe, sai ukun ƙarshe da ke gaban fanka. Ni na yi gam da ɗauri, Kaka ya yi rubutu, yatsuna duk sun ɗaye. Na shirya jawabi, ban kai rabi ba Onodera-san ya ɗaga hannu, ya ce duk layin ya riga ya ji, har da masu kawo masa faci. Ya bi fitilun ɗaya bayan ɗaya da takardar sunaye. Bai sami komai ba. Ya sake bi. Sannan ya yi gyaran murya ya ce, wai an ce shi kwaɗo ne.

Kaka ya jawo aljihun tebur. Bai zubar da takardun da na ɓare ba, ya yi musu guga ya adana. Ya shimfiɗa ta Onodera. Harafi ne mai zane rututu, sama da goma sha biyar, kowanne a mazauninsa, ba inda tawada ta kauce. Onodera-san ya cire tabarau, ya mayar. Ya tambayi Kaka ko ya taɓa rubuta harafin a baya. Kaka ya ce a ina, sai da ya yi gwaji tara a tsohuwar jarida.

"Ka ga kwaɗo a kan fitilata, ba ka yi tunanin komai ba?"

"Na yi," in ji Kaka. "Na ce bawan Allah, duk da haka ya ba da fitila."

Mai awara, da ke cikin kwamitin, ta toshe baki da hannun riga. Onodera-san ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce hannun da ya rubuta wannan bai yi kama da mai rawa ba. Ya nannaɗe ta ya cusa a hammata, ba tare da ya nemi izini ba. Baɗi aikin na Kaka ne. Manhaja ma za ta ci gaba, tunda ta gyaru, amma da sharaɗi: duk sunan da ya shigo, ni zan ɗauka in kai wa mai shi har gida ya duba da idonsa.

Asabar da magariba aka kunna fitilu. Ta Hiruta-san Kaka ya sa aka rataye a bakin gada, inda kowa zai wuce. Hiruta-san ɗin ma yana tsaye a ƙarƙashinta da mafici a hannu, mai kifi na yi masa surutu. Ina riƙe da tsani wani ya taɓa kafaɗata, ya ja ni gefe, ya raɗa mini cewa akwai sauran ƙwaro ɗaya da na manta ban gyara ba, can bakin gada, matsattsaku. Kafin a fara kiɗa mutum bakwai suka faɗa mini haka, kowa cikin tausayi. Kowanne sai na kama hannunsa, na kai shi, na ce ga Hiruta-san, ku gaisa.