Keke Mai Gyara Zarensa

Baba Tela ya sake murɗa ƙullin, ya taka keken. Allura ta yi gudu a kan ƙyallen, ɗinkin ya fito a tattare kamar goshin mai fushi.

"Zarenka ne ba shi da kyau," ya ce wa mai shagon, ko kai bai ɗago ba.

Mai shagon ya yi murmushi irin na 'yan kasuwa. Kekunan ɗinki ne jere a bayansa har kusa da rufi, wasu a kwali, wasu lulluɓe da leda. Biyu ya sauko musu da su kan tebur. Ɗaya irin wanda Baba ya saba da shi ne, mai ƙulli a gaba, kai za ka murɗa ka ɗaure zare ko ka sassauta shi gwargwadon kaurin yadi. Ɗayan kuwa fari ne sumul, babu abin murɗawa a jikinsa, shi yake jin yadi ya daidaita zarensa da kansa.

"Ga otomatik nan, Baba. Ka sa yadi kawai ka taka."

"Keken ragwaye," in ji Baba. "Tun ubanka bai fara gemu ba nake ɗinki. Yau ƙarfe ne zai koya mini jan zare?"

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana tsaye a gefensa cikin fararen kayanta na aikin asibiti. Izini ta nemo don ta rako shi, tunda tsohon kekensa ya ƙi gyaruwa.

"Baba, ka gwada farin mana. Gwaji ai ba saye ba ne."

"Ke allurar mutane kika sani. Ki bar ni da ta yadi."

Ya kama zaren tsakanin babban yatsa da manuni ya ja a hankali. A da, wannan jan kaɗai ya ishe shi ya san inda matsala take, ko idonsa a rufe. Yanzu ba ya jin komai. Ciwon suga ya bi yatsun ya kashe su, har ya zama kamar da safar hannu mai kauri yake taɓa kome. Bai taɓa gaya wa kowa ba. Ya ƙara murɗa ƙullin bisa kintace, ya taka. Zaren ya ce ƙat, ya tsinke.

Ya lashi bakin zaren ya nufi kafar allura, ya kuskure. Ya sake, ya kuma kuskurewa. Auta ta miƙo hannu ta zura masa, wannan taimakon nata kuwa ya fi zagi zafi a wajensa.

Mai shagon ya ɗauki ragowar ƙyallen ya sa a farin keken. Ɗinki ya kwanta luf, gaba da baya.

"Wannan na hannun da lahaninsa ya zo," Baba ya ce da ƙarfi, har wata mata da ke duba almakasai ta waiwayo. "Sauko mini da wani."

"Baba, ɗan tashi," in ji Auta.

Don mamaki kawai ya tashi. Ta zauna, ta ja zaren da yatsu biyu, ta mayar da ƙullin baya kaɗan, ta taka. Ko kallon hannunta ba ta yi. Da ta ɗaga ƙyallen, babu tattara ko ɗaya, layin ya miƙe sar.

Baba ya tsaya yana kallonta. Shi bai taɓa koya mata ba. Tun tana ƙarama korarta yake yi daga jikin keke, yana cewa ta je ta yi karatu, kada ta ƙare da ciwon baya irin nasa.

"A ina kika koya?"

"A kekenka."

Mai shagon ya lura da yadda fuskar tsohon ta sauya, sai ya zame ya tafi wajen matar almakashi. Auta ta sassauta murya.

"Tun bara ne, Baba. In na taso daga aiki, kai kuma ka fita hira wajen abokanka, sai Umma ta farke abin da ka ɗinka, ni in mayar."

"Duka?"

Ta sunkuyar da kai. "Yawanci."

"Wato ni da gidana kuka mai da ni abin wasa. In ninke kaya in ajiye, in juya baya, ku bi da reza."

"Ba haka ba ne. Mutane sun fara dawo da ɗinki, Umma ce take tare su a bakin ƙofa. Ba mu so su watse su bar ka."

"To me ya hana ku ci gaba da rufa mini asirin?"

"Ai ka san ƙarshen wata zan koma sabon wurin aiki a wani gari. Umma kuwa farkewa kaɗai ta iya."

Baba ya buɗe hannunsa. Ya dubi tafin, ya juya ya dubi bayan, hannu dai kamar na kowa, har da kantar almakashi a gindin yatsa. Sannan ya ɗaga murya.

"Mai shago! Ɗaure mini na ragwayen."

A tashar bas Auta ta so ta kama masa kwalin, ya ture hannunta. Shi ya ciccibe shi ya shiga motar, ya zauna ya ɗora shi a cinya, kusurwar kwalin tana tokare masa haƙarƙari. Auta ta zauna a gefensa.

Ba su yi nisa ba wata malamar makaranta ta shigo, wadda ta daɗe tana kawo masa ɗinki. Tana ganinsa ta washe baki.

"A'a, Baba Tela! Sabon keke aka yi? Allah Ya sanya alheri. Dubi rigar da ka yi mini watan jiya, kowa a wurin aiki sai ya tambaye ni wa ya ɗinka. Na ce musu tsohon hannu ne, irinsa ya ƙare."

Ta miƙo masa bakin hannun rigar. Baba ya juya shi ya duba ciki. Aiki ne mai tsafta, an kashe bakin zare ta yadda shi bai taɓa kashewa ba. Auta ta mai da fuskarta wajen taga.

"Ina da wani yadi mai santsi, zan aiko maka," in ji malamar. "Amma don Allah kai da kanka za ka yi mini, Baba. Ni ba na son hannun kowa sai naka."

Baba ya sakar mata hannun rigar, ya gyara zaman kwalin a cinyarsa.

"To," ya ce. "Ki aiko."