Ganye Ɗaya Daga Teburin Ba'amurke

…kuma har yanzu shafa shi yake yi. Hadijatu na kallon mijinta daga bakin ƙofa. Abdulƙadir kafinta, durƙushe gaban tebur, tsumma da mai a hannu, a hankali, a hankali, kamar mai wankan jariri. Yaushe rabon tafin hannun nan da — a'a. Bari.

Teburin Wada dillali ne. A gwanjon Jidda ya sayo shi, da wani Ba'amurke zai koma gida. Wai tun na kakan kakansa. Ba'amurken ba zai taɓa taka Makka ba, amma ga teburinsa har cikin ɗakinta a unguwar Jarwal. Ƙafa ɗaya kawai aka ce a gyara. Don kada rana ta tsaga shi, akwatinta aka fitar tsakar gida… akwatin da shi da kansa ya haɗa mata shekarar da suka ƙetaro daga Sudan, yana tsokanarta wai ba ta da abin zubawa ciki sai surutu.

Ganyaye. 'Yan ƙananan ganyaye na farin katako, an dasa su cikin ja, suna gangarowa bisa ƙafafun, ko farce ba ya jin mahaɗa. "Dubi hannun wanda ya yi aikin nan, Hadijatu," kullum. Hannun matacce! Nata da tukunya ta ƙona shekaranjiya fa, ya duba?

Yau da la'asar za a ɗauke shi a mayar gwanjo. Haƙurin wuni ɗaya ya rage mata. To me ya kai ta, da ya fita Harami da safe, ta sa bakin allura ta ɓamɓaro ganye guda? Ɗan abu, bai kai ƙwallon kankana ba. Yana nan ƙulle a gefen mayafinta.

Yatsansa ya tsaya. Ya koma baya. Ya ji gurbin.

Ga sallamar Wada a waje, da masu dako. Abdulƙadir ya leƙa ta taga.

"Ya shaihu, yau kam ba zai fita ba. Ganye ɗaya ya faɗi. Sai na nemo irin katakon, na koyi yankan… ka ba ni zuwa bayan Hajji."

Bayan Hajji. Yanzu fa Rajab ake ciki.

Kuma muryar — ta san muryar nan. Ba ɓacin rai ba ne. Murna yake dannewa.

Ita ta ba shi hujjar. Ita, da allurarta. In ta kwance ƙullin yanzu ta ce ga shi, teburin zai fita yau, shi kuma zai juyo ya dube ta. I, zai dube ta. Da wane ido?

Wada na ta mita a waje. Ta jingina da ƙyaure. Ƙullin ya jiƙe da gumi a hannunta…