Labarin da Likita Ke Jira

Naja'atu ta tare kwanon furar tun kafin ya kai bakin gado.

"Baba, kawo in ajiye."

Malam Haruna ya sakar wa 'yarsa kwanon ba da son ransa ba. Tun daga Cadakori ya rungumo shi a bayan kabu-kabu don surukinsa Rabilu, wanda ya kwana uku a asibitin Gidan Rumji. Buhun wake Rabilu ya ɗaga ranar kasuwa, kaba ta shaƙe masa hanji, jini ya daina kaiwa wurin, sai da aka yi masa aiki.

Da safe likita Sumayya ta yi musu dogon bayani, don a kan wannan ta yi bincikenta na gama karatu, kuma ba kullum take samun mai saurare ba. Ta ce yankewar jini rauni ne, dawowarsa ma wani raunin ne, kamar ruwa mai ƙarfi a kan busasshiyar gona. Yanzu ƙwayoyin hanjin suna cinye abin da ya lalace a cikinsu, akwai kuma wasu 'yan mitsi-mitsin saƙonni, mikro-ARN, masu ce musu su ci ko su dakata.

"Hanji na cin kansa don yunwa, ku kuma kun hana shi tuwo," in ji Rabilu.

Naja'atu ba ta riƙe sunan saƙonnin ba. Abin da ta riƙe shi ne ko ruwa ba zai sha ba sai ya yi tusa, don ita ce shaidar hanji ya farka. In la'asar ta yi babu labari, ga ciki na ƙara kumbura, za a kai shi Maraɗi, wataƙila a sake buɗe shi. Tun lokacin kunnenta ke kan mijinta, goyon Ummi a bayanta.

Malam Haruna ya shimfiɗa buzunsa dab da gado, ya shiga labarin damina. Rabilu, wanda ko abinci bai taɓa ci a gaban surukinsa ba, ya sadda kai yana "haka ne, Baba." Can Naja'atu ta ga gumi ya keto masa, ya cije leɓe, ya matse ƙafafu. Ta gane.

"Baba, ba ka fita ka sha iska? Ɗakin da zafi."

"Iskar hanya ta ishe ni, Naja."

"Wai akwai mutanen Gidan Sori a waje."

"Su shigo mana."

Ba a jima ba abin ya fi ƙarfin Rabilu. Ya fito a hankali, amma da tsawo. Tsohon da ke gadon gefe ya juya fuska bango, kafaɗunsa na rawa.

Malam Haruna mutum ne mai rufa asiri. Ya leƙa bayan 'yarsa, ya ja ƙafar jikarsa da ke barci.

"Ke amarya, haka za ki tarbi mijinki? Ba kunya?"

"Yara ke nan, Baba," in ji Rabilu, muryarsa can ƙasa.

Ana cikin haka likita ta shigo da takarda a hannu.

"Malam Rabilu, akwai labari?"

Rabilu ya saci kallon surukinsa. "Babu tukuna."

Likita ta dubi agogo. "To, bari in sa a shirya mota."

Naja'atu ta tuna hanyar Maraɗi da ramukanta, ta tuna ɗinkin da ta gani jiya da ake wanke shi. Ta gyara goyo, ta kafa ido a kan siminti.

"Likita, akwai labari. Ba Ummi ba ce. Babanta ne."

"Kin tabbata?"

"Wata bakwai ina goyon yarinyar nan. Na san nata."

Likita ta ɗora abin saurarenta a cikin Rabilu, ta daɗe tana ji, sannan ta ninke takardar ta sa aljihu. Ta ce a fara da ruwa, cokali-cokali.

Rabilu ya ja mayafi har bisa kansa. Malam Haruna ya shafa gemu, ya yi hamdala, ya dubi mayafin.

"Barka da arziki, Rabilu. Da ma na yi mamaki, a ce jikata ce da wannan muryar."