Kurkum Ba Ya Shiga Ido

Da Tanielu ya dawo gida Logan daga ƙasar Samoa da zanen gargajiya da aka tsaga masa a fata tun daga ƙugu har gwiwa, ba wanda ya kai matarsa Sieni baza labari a coci. Kullum da safe sai ta kwaɓa kurkum da man kwakwa ta shafe shi, yadda ake wa duk wanda ya sha zane. Shi ya sa da ya fara rawaya, kowa ya ce kurkum ne.

Sati bakwai, mutum ya zama sai kwanciya. Fitsarinsa kamar baƙin shayi. Ranar Lahadi bayan coci ta ajiye masa gwaza da naman rago, ya ture kwanon.

"Kai, Baban Lagi! Kai da ke lashe tukunya?"

"Tashin zuciya nake ji. Kurkum ɗinki ne ya ishe ni."

Ta ja shi bayi, ta dirje shi da soso har sau uku, yana ihu kamar ɗan akuya. Rawaya tana nan. Sai ta fito da shi rana, ta ɗage masa fatar ido. Farin idon ma ya yi rawaya.

"Yesu! Yaushe na shafa maka a ƙwayar ido? Sa riga."

"Mutumin da ya jure zane kwana goma ba ya zuwa asibiti don ƙaiƙayi."

"To jarumi, allura ɗaya ce. In ka suma zan goya ka."

Aka ɗebi jini. Likita ta ce ciwon hanta ne, nau'in C, mai bin jini, wataƙila daga kayan zanen da ba a tafasa ba. Da an bar shi, a hankali zai iya cinye hantar. Amma akwai magani, ƙwaya ɗaya a rana, sati goma sha biyu.

Sieni ta ajiye kwalbar kusa da Littafi Mai Tsarki. Ba a cewa amin sai ya haɗiye. Ta kuma buga waya ga matan maza ukun da aka yi musu zane tare da shi: "Ku ja su gwaji, ko idonsu fari tas. Likita ta ce yawanci ba ya nuna komai." Ita ma ta miƙa hannu, nata ya fito lafiya.

Wata uku bayan ƙwayar ƙarshe, likita ta dubi takarda ta ce babu sauran cutar a jininsa.

Sieni ta ɗaga murya da waƙar yabo tun daga ƙofa. Tanielu kuwa ya tsaya tsakiyar wurin ajiye motoci yana rawa, yana marin cinya da ƙirji, wata Baturiya na ta danna masa hon.

"Bari ya gama, 'yar'uwa," in ji Sieni. "Allah ne ya maido min da shi."